Mataccen Madanni a Fiyanon Kawu

Gara in faɗa tun yanzu cewa ban rubuta komai ba a lokacin da abin nan ya faru, in ban da lambobin da na riƙa kwafa daga gilashin na'ura zuwa wani littafin aji, shi ma kuma ban san inda ya shiga ba. Shekaru sun ɗan ja. Mai yiwuwa na haɗe ranaku biyu sun zama ɗaya, mai yiwuwa kuma na ɗauki maganar wani na sa a bakin wani. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda nake shakka zan faɗa, kuma ina jin na biyun zai fi yawa.

Na karanta fiziks a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida Katsina na zauna jiran aikin da duk wani mai babbar riga a danginmu ya tabbatar mini yana hanya. Da alama hanyar tana da nisa. Kafin ya iso sai na riƙa zama a wani situdiyon ɗaukar waƙa a Ƙofar Marusa, shago ɗaya da aka raba biyu da filawud, aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sauti ya dami maƙwabta. Maƙwabta suna jin komai har numfashin mawaƙi, amma dai bangon ya yi kyan gani.

Mai situdiyon, wanda kowa ke kira Oga, waƙoƙin biki yake yi da na 'yan takara. Bai taɓa zama ajin kiɗa ba, amma in ka rera masa abu sau ɗaya, yatsunsa za su bi ka kamar sun daɗe da sanin hanyar. Aikina a wurinsa shi ne in haɗa wayar da ta tsinke, in kuma karanta masa Turancin da na'ura ke rubutawa idan ta yi fushi. Saboda wannan ya naɗa ni Farfesa, kuma yakan ɗaga murya wajen kiran sunan idan akwai baƙi.

Na'urar doguwa ce baƙa, 'yar gwanjo, mai madannai farare da baƙaƙe. A garin nan fiyano ake ce wa irinta, amma zan riƙa ce mata na'ura don in bambanta ta da fiyano na katako, wanda shi ne maganar. Tana da muryoyi ɗaruruwa a cikinta. Oga yana amfani da uku: sarewa, da ganga, da wani goge mai kuka kamar an hana shi abinci. Sauran, a cewarsa, Turawa sun sa su ne don cika wuri.

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon hedimasta ne da ke zaune a Ƙofar Kwaya. Rabin magidantan unguwar sun sha bulalarsa, kuma har yanzu sukan gyara hula in ya wuce a kan kekensa. A ƙuruciyarsa ya yi wata kwalejin horar da malamai, inda wani Bature ya koya musu waƙar makaranta da fiyano na katako. Kawu ne mai ba da waƙar, sauran ɗalibai 'yan amshi. Duk shekara tsofaffin ɗaliban sukan taru, kuma shi ke tashi ya ja musu ita.

A taron shekarar da ta gabaci wannan labari, ya tashi kamar kullum, ya ɗauko waƙar, ya kai daidai inda za a shiga amshi, ya tsaya. Ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wurin. Sauran tsofaffin, waɗanda shekara da shekaru suke bin bayansa kawai, babu wanda ya iya ceto shi. An ce ya daɗe a tsaye kafin wani ya ce, "Malam, zauna ka huta." Ban je taron ba, labari na ji.

Abin da na gani da idona shi ne abin da ya biyo baya. 'Ya'yansa suka fara magana ƙasa-ƙasa kan ruɗewar tsufa. Babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati mai son a ga yana kula da iyaye, ya sa sarƙa da kwaɗo ya ɗaure keken a zaure, wai kada Baba ya fita ya manta hanyar gida. Mutumin da ya san sunan kakan kowa daga Ƙofar Kwaya har kasuwa, shi aka ji wa tsoron ɓata. Kawu ya bar keken a ɗaure. Ya dai daina fita majalisa.

Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki taron ya sake zagayowa, ya aika a kira ni. Na same shi a zaure bayan la'asar, keken na jingine a bayansa da sarƙarsa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar mahaifiyata, ya tambayi zafi, ya tambayi aikin da ke hanya. Sannan ya ce:

"Kai, ɗan nan, an ce kana zama wurin masu kiɗa."

"Kawu, ba kiɗan nake yi ba, wayoyi kawai nake ɗan..."

"Ban tambaye ka mi kake yi ba. Akwai fiyano wurin?"

Na ce akwai na'ura mai muryar fiyano, ko da yake ba zan iya cewa daidai take da na gaske ba.

"Waƙar nan tana cikin kaina," in ji shi, ya ɗora yatsa a goshi. "Ban yar da ita ba. Da fiyano muka koye ta, kuma sai yanzu na lura na daɗe ina yin ta baki tsirara, ina cin tsohuwar ajiya. In na ji fiyanon, sauran za ta taho. In kuwa na ji shi ba ta taho ba, to yaran nan suna da gaskiya, sai in zauna inda suka ajiye ni."

Na so in yi masa bayani cewa ƙwaƙwalwa ba lallai ta yi aiki haka ba, cewa akwai bincike iri-iri, amma na dubi sarƙar na fasa.

Washegari da hantsi na ɗauko shi a a-daidaita zuwa situdiyo. Oga ya share masa kujera da hannun rigarsa, ya kira shi Baba Malam, ya nemo muryar da kamfani ya rubuta wa suna fiyano ta ɗaya, ya buga da alfahari. Kawu ya saurara, kansa a karkace.

"Wannan ai ƙararrawar mai sayar da askirim ce."

Oga ya gwada ta biyu. Kawu ya ce wannan mai askirim ɗin ya fi wancan jari. Ya gwada ta uku, Kawu ya miƙe ya nemi takalmansa.

A hanya na yi masa alkawarin da ban saba yi ba. Na ce na'urar ana iya shiga cikinta a gina murya daga tushe, kuma zan gina masa fiyano na gaske, in Allah Ya yarda, gwargwadon iyawata, idan na'urar ta ba da haɗin kai.

Ya kamata in bayyana cewa har zuwa wannan rana ban taɓa ganin fiyano na katako ido da ido ba. Oga ma haka. A iya sanina, babu wanda ya taɓa shiga shagon nan da ya gan shi, sai Kawu. Amma ina da waya, ina da digiri, kuma na sami littafin bayanin na'urar mai kauri kamar bulo. Na sa abin ji a kunne na yi ta sauraron manyan makaɗan duniya a manyan ɗakunan taro, mutane masu baƙaƙen kwat da ke buga fiyanon da ake goge wa ƙura da auduga. Na ɗauka wannan shi ne fiyano, duk wani kuma kwaikwayo ne. Tambayar da ta fi kowace sauƙi, wato wane fiyano Kawu ya ji, ba ta zo mini ba, domin ba ta cikin littafin.

Oga ya ba ni safiya, daga buɗe shago zuwa lokacin da mawaƙa ke farkawa, wato wajen azahar. Abin da na fahimta shi ne, a fiyano na gaske, in ka danna madanni, wata 'yar guduma mai kan ulu ce ke tashi ta bugi wayoyin ƙarfe. Don haka sautin yana farawa da ɗan bugu, sannan ya buɗe, sannan ya yi ta dushewa a hankali har ya mutu. Sautukan ƙasa masu kauri sun fi na sama sirara daɗewa kafin su mutu. In ka danna da ƙarfi, ƙara tana ƙaruwa kuma muryar tana ƙara kaifi. Yawancin madannai waya uku suke bugawa a tare, kuma ukun ba sa taɓa zama daidai cif, wannan ɗan saɓanin shi ke sa sautin ya riƙa motsi kamar mai rai. Mai askirim ɗin kamfani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na'urar tana bari a ɗora sauti huɗu a kan juna su zama murya ɗaya. Na sa ɗaya ya fito idan an danna a hankali, mai taushi, na tace masa kaifi. Na sa na biyu ya shigo idan an danna da ƙarfi. Na uku na mayar da shi bugun guduma kawai, ɗan ƙwas da ba ka jinsa sai an cire shi ka ji wani abu ya ɓace. Na huɗu na karkatar da shi kaɗan daga sauran, kaɗan ƙwarai, don ya ba da wancan motsin. Daga nan na bi madannai rukuni-rukuni ina daidaita tsawon ran kowane sauti. Gilashin na'urar bai fi akwatin ashana biyu ba, kuma kowace lamba sai ka shiga ƙofa cikin ƙofa kafin ka same ta. Sau biyu aka ɗauke wuta ban adana ba. Tun daga nan nake adanawa bayan kowane canji, wani lokaci ma ba tare da na canza komai ba.

Oga yakan shigo da ƙosai a leda ya tsaya a kaina.

"Farfesa, tun jiya madanni ɗaya kake dannawa. Ya yi maka laifi ne?"

"Ina sauraron yadda yake mutuwa ne, Oga."

"Allah Ya jiƙansa. In an yi jana'iza ka faɗa mini, ina da amarya ƙarfe biyu."

Mako uku na yi a haka, ko da ɗan ɗoriya. A ƙarshe na ƙara amsa-kuwwa irin ta babban ɗakin taro mai rufin katako. Ranar da Oga ya zauna ya buga ta da hannu biyu, ya ɗago ya dube ni, kuma karo na farko ya faɗi Farfesa ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce wannan sai a fim ɗin Turawa, inda mace ke kallon ruwan sama ta taga. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Har yau ina ganin ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

Muka sake ɗauko Kawu. Oga ya buga, sautin ya cika shagon, har kwalayen ƙwai suka yi kamar suna da amfani. Kawu ya rufe ido ya daɗe.

"Shina da daɗi," in ji shi. "Na wa ne?"

"Fiyano ne, Kawu. Na gaske, ko kusa da shi."

"Na ji fiyano ne. Ba namu ba ne."

Duk da haka ya ce a gwada. Ya gyara murya ya ɗauko waƙar, wata waƙa mai tafiya kamar maci, kan tashi da asuba da riƙe alli da gaskiya. Oga ya bi shi da kunne kamar yadda ya saba. Waƙar tana hawa a hankali, tana hawa, har ta kai wani wuri da kowane kunne ya san saura taki ɗaya ta kai ƙololuwa. Kawu ya ja numfashi a nan. Oga, da yake gwani ne, ya ba shi wannan sautin na sama, tsaf, mai ƙyalli, ya daɗe yana mutuwa kamar yadda na koya masa. Kawu ya tsaya da baki buɗe.

Sau uku aka yi. Sau uku Oga ya miƙa masa sautin, sau uku ya tsaya. A na ukun ya cire hula ya shafa kansa, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban mutane ba.

"To," in ji shi a hankali. "Ka yi ƙoƙari, ɗan nan. Maida ni gida."

A a-daidaita, da muka kusa Ƙofar Kwaya, ya juyo gare ni. Ya ce in gaya wa babban ɗansa ya sayar da keken, kada ya yi tsatsa a banza. Ban kai saƙon ba. Wannan na tabbata.

Kwana biyu ina juya maganar nan ta "ba namu ba ne". Da farko na ɗauka wani kuskure na yi a lambobi, na sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai a rana ta uku na tuna akwai wasu mutanen da suka ji fiyanon da kunnensu. Mahaifiyata ta kwatanta mini wani Alhaji a Ƙofar Sauri, ɗan ajin su Kawu, wanda ya yi koyarwa shekara biyu ya ga ba za ta fisshe shi ba ya koma sayar da hatsi. Na rubuta tambayoyi a takarda, da lamba, kamar yadda aka koya mana, na tafi.

Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, yana yanke farce da reza. Bayan mun gama gaisuwa, ya gane ɗan wace ce ni, ya kuma tambayi aikin da ke hanya, na buɗe takarda.

"Alhaji, tambaya ta ɗaya. Fiyanon kwalejinku, irin dogon nan ne mai shimfiɗa, ko mai tsayuwa?"

Ya ajiye reza ya yi dariya har da tari.

"Fiyano? Wancan akwatin garar? Yaro, wa ya hwaɗa maka fiyano ne? Gawa ce Bature ya gada wurin wani Bature. Zahin garin nan ya tsaga mata baya tun kahin mu zo."

Na tambayi yadda sautinsa yake.

"Ka taɓa jin mata biyu suna ba da labari ɗaya, kowace tana cewa ba haka aka yi ba? To haka kowane madanni yake. In rani ya yi, Bature shina sa kwanon sha cike da ruwa a cikinsa wai kada katako ya bushe. In ya bugi na hagu, kwanon ya ɗauki rawa, zrrr, kamar ƙuda a cikin gwangwani. Ga ɗakin taron rufin kwano."

Na bar takardar, domin babu tambayar da ta dace da wannan. Na ce ko yana tuna amshin waƙar.

"Ni? Ban taɓa sani ba. Baki kawai nake motsawa, shekara hamsin ke nan, kuma ba wanda ya kama ni. Ni dai na san in an ji ƙwas, a buɗe baki."

"Ƙwas, Alhaji?"

"Mataccen madannin mana. Can wajen hannun dama. Wayarsa ta tsinke, in an danna sai katako ya bugi katako. Waƙar ba ta hawa can sai sau ɗaya, gab da amshi. Bature ya san ya mutu, amma kullum sai ya danna shi, wai haka aka rubuta a takarda. Shekarar hwari mukan yi dariya, a zane mu. Daga baya ya zama shi ne alamar. Ƙwas, sai kawunka ya ɓarke da amshi kamar an taka shi."

Sai a nan na gane. Mako uku na yi ina goge sautin nan na sama don ya fi kowane kyau, Oga kuma yana miƙa wa tsoho shi da ladabi daidai wurin da kunnensa ke jiran katako. Kawu kansa bai taɓa ambaton madannin ba, kuma ina jin bai san yana jiransa ba.

Da na gaya wa Oga abin da za a yi, ya yi murna fiye da yadda ya kamata.

"Lalatawa ake so? Haba Farfesa, da ka faɗa tun farko ai da ni na yi maka a rana ɗaya. Sai da ka yi digiri a kai?"

Na adana fiyanona mai kyau a wani gurbi can nesa, na kwafe shi, na fara ɓata kwafin. Sautin nan da na karkatar kaɗan ƙwarai, na karkatar da shi har sai da matan nan biyu na misalin Alhaji suka fara gardama. Na rage kaifi, na gajarta ran kowane sauti, domin katakon da ya tsage ba ya riƙe murya. Na cire babban ɗakin taro na sa amsa-kuwwa gajera mai tauri irin ta rufin kwano. Don kwanon ruwa, na samo wata 'yar kacau-kacau a cikin gangunan na'urar, na rage ta sosai, na ɗaura ta a madannan hagu kaɗai. Kowane mataki sai na ji kamar ina zuba ƙasa a abincin da na dafa.

Madannin kuwa Oga ya san shi, tunda shi ya yi ta miƙa shi. Na'urar ba ta da hanyar kashe madanni guda, masu ƙera ta ba su yi tunanin wani zai buƙaci haka ba. Sai da na raba ta gida uku: duk abin da ke hagu da shi gida ɗaya, duk abin da ke dama gida ɗaya, shi kaɗai a tsakiya. A gidansa na kashe komai na bar bugun guduma, na ƙara masa ƙarfi da kauri har ya zama kamar an ƙwanƙwasa ƙofar kabad.

Na yi ta tunanin ko in gaya wa Kawu abin da Alhaji ya ce. Na ga in na faɗa, zai zauna yana jiran ƙwas da tunani, kuma tunanin ne ya yi ta kayar da shi. Ban sani ba ko daidai na yi. Na dai ce masa na ɗan yi gyara, ya daure ya zo sau ɗaya tak. Ya ce don mahaifiyata zai je.

Saura kwana biyar taro, in ban yi kuskure ba. Oga ya ɗora hannu, ya buga na hagu, kwanon ya yi zrrr. Kawu, wanda ko zama bai gama yi ba, ya tsaya a rabin hanya.

"Ina kuka samo wanga abu?"

Bai jira amsa ba. Ya miƙe tsaye sosai, ya sa hannu biyu a baya kamar ɗalibi, ya ɗauko waƙar. Ta hau, ta hau. Ya ja numfashi. Oga ya danna.

Ƙwas.

Muryar da ta fito daga tsohon nan ban san yana da ita ba. Ya shiga amshi, ya fita, ya shiga baiti na biyu, ya wuce na uku wanda bai taɓa ce mana akwai shi ba. Oga, mai bin kowa da kunne, ya ɓace a hanya, ya ɗaga hannu, sannan ya sake kamo shi. Mai sayar da katin waya na maƙwabta ya leƙo. Da Kawu ya kai ƙarshe ya ɗan tsaya yana haki, ya gyara hula, ya dubi na'urar sama da ƙasa.

"Ya yi kusa," in ji shi. "Namu ya hi wannan muni."

Wannan ne yabo mafi girma da aikina ya samu daga gare shi, kuma na karɓa.

An yi taron da hantsi a ɗakin taron wata makaranta. Muka kai na'ura da ƙaramin janareta. Tsofaffin ba su kai ashirin ba, sai 'ya'ya da jikoki da suka rako su, ciki har da babban ɗan Kawu, wanda ya zauna a gaba da fuskar mai shirin tallafar wanda zai faɗi. Da kwanon ya yi kuka, na ga tsofaffin suna ɗago kai. Da ƙwas ya zo, wasu suka fashe da dariya, wani ya rufe fuska da rawani, amma duk suka buɗe baki. Alhajin Ƙofar Sauri yana tsakiya yana motsa nasa da himma, kuma wannan karon na san ba abin da ke fita. Kawu ya kai su har ƙarshen baiti na uku.

Na zaci za a zo a yi mana sannu. Abin da ya faru shi ne gardama ta ɓarke kafin a raba abinci. Wani ya ce mataccen madannin baƙi ne, mu kuma fari muka kashe. Wani ya ce biyu ne suka mutu. Wani ya ce ba kwanon sha ba ne, tasa ce. Wani tsoho mai sanda ya rantse cewa kwalejin ba ta taɓa mallakar fiyano ba, wani akwati ne da ake hura wa iska da ƙafa, alhali shi ne ya fi kowa rera amshin da ƙarfi minti kaɗan kafin nan. Aka juyo kaina a matsayin masani, na ce ba zan iya yanke hukunci ba tunda ba a haife ni ba a lokacin. Aka ce to me aka koya mana a jami'ar.

Washegari da safe aka ji ƙararrawar keke a ƙofar gidanmu. Kawu ne, shi kaɗai, daga Ƙofar Kwaya. Ba zan ce waƙar ce ta kwance sarƙar ba, domin babban ɗansa ya bayyana wa kowa cewa dama taya ce ake jira a gyara. Wata goma sha ɗaya ana gyaran taya, amma shi ya fi ni sani. Kawu ya sha kunu, ya ce wa mahaifiyata, "Ɗanki ya iya lalata abu da tsari. A bar shi wurin masu kiɗan." Ta ɗauka faɗa ne, sai da na yi mata bayani.

Fiyanona mai kyau kuwa, Oga ya sa shi sau ɗaya a waƙar wani biki. Dangin amarya suka dawo da ita, suka ce kiɗan ba armashi, kamar ana zaman makoki a Turai, a mayar musu da sarewa. Daga baya ya goge shi ya sa ƙahon wani ɗan takara a gurbin. Mummunan yana nan, ana ɗauko shi sau ɗaya a shekara.

Maganar launin madannin har yanzu tana damuna. Na kashe fari ne saboda can waƙar ta kai yatsan Oga, amma Oga daga inda muryar Kawu ta fara ya kama, kuma muryar tsoho tana iya sauka ƙasa da inda Bature ya ɗora ta. Don haka mai cewa baƙi ne zai iya zama da gaskiya. Duk wanda ya zauna a wancan ɗakin mai rufin kwano, ko ya halarci taron da na faɗa ya ga ba haka aka yi ba, ina roƙonsa ya bar mini saƙo a situdiyon Ƙofar Marusa, zan gyara abin da na rubuta. In ma akwai wanda zai iya tabbatar da cewa akwatin iska ne ba fiyano ba, ina so in sani, amma don Allah ni kaɗai zai gaya wa, kada maganar ta kai Ƙofar Kwaya.